Fulatancin Garwa: abubuwan da Bahaushe zai fara sani

A Garwa, Marwa da Ngaundere, Fulatanci ne harshen kasuwa da tasha da unguwa, ko da a tsakanin waɗanda ba Fulani ba. Bahaushen da bai iya shi ba yakan dogara da tafinta wajen ciniki, ko a asibiti, ko a gaban Lamido. Karin da ake yi a nan shi ne na Adamawa, irin na Yola.

Furuci

Mai karanta Hausar boko ya riga ya yi rabin aiki, domin taron Bamako na 1966 ya daidaita haruffan harsunan biyu. Fulatanci yana da ɓ, ɗ da ƴ, kuma c da u ana furta su kamar a Hausa, ba kamar a Faransanci ba. Babu ƙ, babu ts. Ba a bambanta kalmomi da karin sauti kamar yadda Hausa ke yi. Sabbin abubuwa uku ne: harafin ŋ, kalmomi masu farawa da mb, nd, nj ko ng, irin su ndiyam (ruwa) da mbaalu (tunkiya), da dogon wasali, wanda ake rubutawa sau biyu, kamar luumo (kasuwa).

Suna

Nan ne wahalar take. Fulatanci ba ya raba namiji da mace: o na nufin shi ko ita. Maimakon haka sunaye sun kasu rukuni fiye da 20, kowane da alamarsa: nagge nge (saniya), puccu ngu (doki), ndiyam ɗam (ruwa). Jam'i kuma yakan sauya farkon kalma da ƙarshenta: Pullo ya koma Fulɓe, gorko (namiji) ya koma worɓe, debbo (mace) ya koma rewɓe. Shi ya sa ya fi kyau a haddace kowane suna tare da jam'insa da alamarsa.

Aikatau

Hausa tana nuna lokaci a kan wakilin suna, Fulatanci kuwa a ƙarshen aikatau: mi nyaami (na ci), mi ɗon nyaama (ina ci), mi nyaaman (zan ci), mi nyaamaay (ban ci ba). “Mu” iri biyu ne: en ya haɗa da wanda ake yi wa magana, min ya fitar da shi. Wanda ya ce min a wurin en yayin rabon riba ya cire abokin cinikinsa.

Inda za a fara

Gaisuwa ita ce Jam na?, amsa kuma Jam. Godiya useko. Ƙirga yana komawa ne a kan biyar: go'o, ɗiɗi, tati, nay, jow, sannan joweego (shida), wato biyar da ɗaya. Shirye-shiryen Fulatanci na gidan rediyon CRTV na Garwa suna horar da kunne. Mai karanta Faransanci kuma zai amfana da darussan Dominique Noye na 1974, waɗanda aka gina a kan karin Marwa.