Littattafan Keta Zamani da Sunan Wells Ya Rufe

Idan ana zancen ƙagaggun labaran da jarumi ke barin zamaninsa ya faɗa wani, sunan da ke fara zuwa baki shi ne H. G. Wells, marubucin Ingila da ya fitar da The Time Machine a 1895. Littafin ya cancanci sunan da ya yi. Wani masani ya ƙera na'ura, ya hau, ya sauka a shekara ta 802,701, ya tarar 'yan Adam sun rabu gida biyu: masu shan hutu a doron ƙasa da masu aikin wahala a ƙarƙashinta. Masu shirya fim suka kama wannan hanya, har yau ba su sake ta ba, kullum inji ne da maɓalli da rikicin mutumin da ya koma baya ya kashe kakansa. Illar wannan shahara ita ce masu karatu da dama sun ɗauka fannin gaba ɗaya na Turanci ne, kuma sha'anin ƙere-ƙere ne. Littattafan da ba a cika ambato ba sun ƙaryata zaton biyu. An rubuta su da harsunan Sifen da Sin da Larabawa da Jamus, ɗaya daga ciki ya riga littafin Wells da shekara fiye da 250, kuma abin da ya fi damun marubutansu shi ne su samo baƙo daga wani zamani, su tsayar da shi a gaban mutanensu, ya zama shaida a kansu.

Ko na'urar ma, an riga Wells ƙera ta a takarda. A 1887 aka buga El anacronópete a Barcelona, aikin Enrique Gaspar, marubucin wasan kwaikwayo kuma ma'aikacin jakadancin Sifen da ya yi aiki a ƙasar Sin. Na'urarsa ƙaton akwatin ƙarfe ne mai aiki da lantarki, yana ɗaukar jama'a da yawa, kuma ya tashi ne daga Faris a lokacin baje kolin duniya na 1878. Gaspar ya lura da wani abu da marubutan bayansa da yawa suka tsallake: idan lokaci yana komawa baya, jikin matafiyi ma zai koma baya. Don haka sai ya ba jaruminsa, Don Sindulfo García, wani ruwan magani mai hana jiki komawa yarinta. Sojojin da suka ɓuya a cikin akwatin ba su sami maganin ba, tafiya na nisa suna ƙanƙancewa, suka zama yara, daga bisani suka ɓace. Ayarin ya ga yaƙin Tetuwan na 1860, ya ga Granada a 1492, ya shiga ƙasar Sin ta ƙarni na 3, ya isa Pompeii a shekara ta 79 da dutse ya yi aman wuta ya binne garin.

Dalilin tafiyar ya fi tafiyar muhimmanci. Sindulfo ya gaya wa jama'a ilimi yake nema, alhali so yake ya isa zamanin da doka za ta ba shi ikon auren Clara, yarinyar da ke hannunsa riƙo, ko tana so ko ba ta so. Gaspar ya gane cewa mai kewar jiya sau da yawa ikon da ya kuɓuce masa yake kewa, kuma ya faɗi haka shekara 8 kafin littafin Wells ya fito. Duk da haka sai a 2012 aka buga cikakkiyar fassararsa ta Turanci a Amurka, wato bayan shekara 125.

Ƙasar Sin ta riga su duka. Wajen 1640, ana saura kaɗan daular Ming ta faɗi, aka rubuta Xiyou Bu, ƙaramin littafi mai babi 16 da ake jingina wa Dong Yue. Ƙari ne a kan sanannen labarin Sarkin Birai mai rakiyar wani malamin addinin Buda zuwa yamma. Biri ya shiga wata hasumiya mai ɗimbin madubai, kowane madubi duniya ce guda. Ya faɗa zamanin mutanen da, ya rikiɗa ya zama matar jarumi Xiang Yu, wanda ya mutu ƙarnuka kafin lokacinsa. Daga nan ya tsallaka gaba, aka ɗora shi a kujerar alƙalin matattu, aka gurfanar masa da Qin Hui, wazirin daular Song da Sinawa ke ɗora wa alhakin kisan janar Yue Fei a 1142. A lissafin labarin, wanda ke gudana a zamanin daular Tang, ba a ma haifi wazirin ba tukuna. Marubucin yana zaune a daular da abokan gaba suka matsa mata daga arewa, shi ya sa shari'ar mai cin amanar ƙasa ta ci babban wuri a littafin. Shuen-fu Lin da Larry Schulz suka fassara shi zuwa Turanci a 1978.

Wanda ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne Hadisu Isa bin Hisham na Muhammad al-Muwailihi, ɗan jaridar Masar da ya rayu daga 1858 zuwa 1930. Ya fara fitowa kashi-kashi a jaridar gidansu, Misbahush Sharƙ, daga 1898, sannan aka tattara shi littafi a 1907. Mai ba da labarin, Isa bin Hisham, yana yawo da dare a maƙabartar Alƙahira yana tunanin mutuwa, sai kabari ya buɗe, wani Basha ya fito, ministan yaƙi ne a zamanin da Muhammad Ali ke mulkin Masar. Bai san ƙasa ta juya ba, bai san Ingila ta mamaye Masar tun 1882 ba. Ya umarci Isa ya je gidansa ya ɗauko masa tufafi da doki, yana ganin ambaton sunansa kaɗai ya isa kwatance. Isa ya sanar da shi cewa yanzu da sunan titi da lamba ake gane gida, an daina kiransa da sunan mai shi.

Abin da ya biyo baya yana cikin mafi kyawun abin da aka rubuta a kan sauyin mulki. Wani mai jakin haya ya maƙale wa Basha, wai ya yafito shi da hannu don haka sai ya biya kuɗin jira. Basha, wanda ya saba talaka ya sunkuyar da kai idan ya gan shi, ya hau mutumin da duka. Mai jaki ya kwarma ihu yana kiran ɗan sanda, ɗan sandan kuwa yana can yana karɓar na goro a hannun masu talla. Daga nan aka shiga jerin ofisoshin da Basha bai taɓa jin sunansu ba: caji ofis, ofishin mai gabatar da ƙara, dillalin lauyoyi, kotu, kotun ɗaukaka ƙara. Aka yanke masa ɗauri, sai a ɗaukaka ƙara ya kuɓuta. A kowane mataki yana tambaya, Isa yana bayani, kuma cikin bayanin ne mai karatu ke ganin yadda dokar da aka kwafo daga Faransa ta zauna a kan al'ummar da ba ta gama fahimtarta ba.

Adalcin Muwailihi shi ne bai wanke kowa ba. Zamanin Basha na bulala ne da girman kai, kuma littafin ya nuna cewa daidaita ministan da mai jaki a gaban alƙali ci gaba ne. Sabon zamanin kuma cike yake da cin hanci, da magada masu sayar da gonakin iyaye don shaye-shaye da caca, da kwaikwayon Turai ido rufe. Mutum daga cikin zamanin ba zai iya mamakin waɗannan abubuwa ba, domin ya saba da su. Sai da aka tono wanda ya mutu shekaru da dama kafin nan aka sami mai tambayar dalilin kowane abu.

Wannan littafi yana da kusanci na gaskiya da makarancin Hausa. Sunan Isa bin Hisham aro ne daga mai ba da labari a Maƙamat na Hamazani, kuma Muwailihi yakan buɗe babi da jimloli masu ƙafiya irin na wancan salo. Duk almajirin ilimi da ya zauna a zaure a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya ɗauki Maƙamatul Hariri a bakin malami zai gane gidan da ya shiga tun daga shafin farko. Haka nan mutumin da ya farka ya tarar duniya ta wuce shi ba baƙo ba ne ga mai karanta Suratul Kahfi, inda matasan kogo suka kwanta shekara 309, suka aiki ɗayansu cikin birni da tsohon kuɗi ya sayo abinci. Taufiƙ al-Hakim ya gina wasan kwaikwayonsa na 1933, Ahlul Kahfi, a kan wannan ƙissa.

Masu tsaurara ma'ana za su ce wannan ba keta zamani ba ne. A ganinsu dole a sami hanya da hankali zai kama, a sami damar tafiya da dawowa, a kuma fuskanci tambayar ko ana iya sauya abin da ya riga ya faru. Barci ko tashi daga kabari ko faɗawa madubi, in ji su, tatsuniya ce. Hujjar tana da ƙarfi ta fuska ɗaya, domin na'ura ta kawo sabon abu: matafiyi ya sami zaɓi, zaɓi kuma ya jawo alhaki. Amma idan aka bi wannan ma'auni sosai, sai a kori jarumin Mark Twain na 1889, wanda bugu a ka ya kai shi fadar Sarki Arthur, a kori Kindred na Octavia Butler na 1979, inda wata baƙar fata 'yar Los Angeles ke tsintar kanta a gonar bayi a Maryland ba tare da wani inji ba. Babu mai nazarin da ke yarda a kore su. Wells ɗin kansa shafuka kaɗan ya ɓata a kan yadda na'urarsa ke aiki, sauran littafin hukunci ne a kan rabuwar masu kuɗi da ma'aikata a Ingilar zamaninsa.

Masar ta sake ba da wani misali a hannun Khairi Shalabi, wanda ya rasu a 2011. A Rihlatut Turshaji al-Halwaji, jarumin mai suna Ibn Shalabi yana riƙe da jakar takardu da agogon hannu mai nuna shekarar Hijira, kuma da wannan agogo yake gane inda lokaci ya jefa shi. Yana faɗawa Alƙahirar Faɗimawa da ta Mamluk ba da son ransa ba, yana haɗuwa da Jauhar, kwamandan da ya kafa birnin a 969, da masanin tarihi Maƙrizi. Titunan su ne dai waɗanda ya sani, masu mulki ne ke sauyawa, talaka kuma yana nan yana neman abin kai wa baki. Michael Cooperson ya fassara shi zuwa Turanci a 2010.

Mai son inji da lissafi shi ma akwai nasa a wajen Turanci. Wolfgang Jeschke na Jamus ya fitar da Der letzte Tag der Schöpfung a 1981, lokacin da raɗaɗin rikicin man fetur na 1973 bai bar Turai ba. A labarin, Amurka ta tura sojoji da injiniyoyi baya da shekara fiye da miliyan 5, zamanin da tekun Bahar Rum ya ƙafe, abin da masana ƙasa suka gano alamunsa a haƙon da aka yi a ƙasan tekun a 1970. Aikinsu shi ne su shimfiɗa bututu su kwashe man ƙasashen Larabawa tun kafin a sami Larabawan da za su ce nasu ne. Suna isa suka tarar abokan hamayya sun turo nasu mayaƙan, hanyar komawa gida babu, kuma kowane ayari ya zo ne daga wata duniyar daban, domin taɓa jiya da suka yi ya riga ya sauya goben da suka baro. Ƙasashen da ke zaune a kan arzikin ƙasa suna kallon wasu na ɗiba za su karanta wannan littafi da idon da Bajamushe ba zai karanta shi ba.

Abin da ya ɓoye waɗannan littattafai ba ƙarancin daraja ba ne. Yawancin jerin sunayen da ake yaɗawa masu karanta Turanci ne ke tsara su, littafin da ba a fassara ba kuwa ba ya shiga lissafinsu. Akwai kuma matsalar rabon fanni. A Masar ana karanta Muwailihi a matsayin tsani tsakanin maƙama da ƙagaggen labarin zamani, har ma'aikatar ilimi ta sa shi cikin littattafan makaranta a 1927, a Sin kuma ana ajiye Dong Yue tare da sharhunan labarin Sarkin Birai. Mai neman labarin keta zamani ba ya leƙa waɗannan kantoci, masu tsaron kantocin kuma ba sa kiran kayansu da wannan suna.

A nan makarancin da ya iya Larabci ya fi takwaransa na Landan gata, domin yana iya ɗaukar Muwailihi da Shalabi kai tsaye ba tare da jiran tafinta ba. Wanda Larabcinsa bai kai ba yana da bugun Jami'ar New York na 2015, mujalladi biyu, Larabci a shafi ɗaya da fassarar Roger Allen a ɗaya shafin. Allen ya koma ga tsofaffin kofen jaridar, ya maido da sassan da Muwailihi ya cire lokacin da yake mayar da labarin littafi, ciki har da waɗanda suka taɓo siyasar Masar da Sudan a shekarun mamayar Ingila.