Horar da Ƙwaƙwalwar Tsofaffi

Horar da ƙwaƙwalwa shi ne atisayen da ake tsarawa domin kaifafa tunani, ko riƙe abu a ka, ko saurin fahimta, musamman ga waɗanda shekaru suka ja. Ana yin sa da takarda da alƙalami, ko a kwamfuta da waya.

Fitaccen bincike a wannan fanni shi ne ACTIVE, wanda aka fara a Amurka a 1998 da mutum sama da 2,800 masu shekara 65 zuwa sama. An kasa su gida huɗu. An koya wa wasu dabarun haddace jerin kalmomi, wasu gano tsarin da haruffa ko lambobi ke bi, wasu kuma saurin gani. Kashi na huɗu ba a ba su horo ba. Zama goma aka yi cikin mako biyar zuwa shida. A zaman saurin gani, dattijo kan zuba wa allo ido, hoton mota ya bayyana a tsakiya, wani a gefe, su ɓace kamar ƙiftawar ido, sannan a tambaye shi abin da ya gani da inda ya gan shi.

Kowane kashi ya ƙware a abin da aka koya masa, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa sauran fannonin ba. Bayan shekara goma, ribar saurin gani da ta gano tsari na nan, ta hadda kuwa ta dusashe.

Nan ne 'yan kasuwa suka wuce gona da iri. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar horar da ƙwaƙwalwa ta Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda tallan cewa wasanninsa na jinkirta ciwon mantuwa, ba tare da ƙwaƙƙwarar hujja ba. Ba ƙaramin zalunci ba ne a sayar wa tsoho da fata alhali tsoro ne ya kawo shi.

A Finland, binciken FINGER da aka wallafa a 2015, wanda ya ƙunshi mutum 1,260, ya haɗa horon da motsa jiki, gyaran abinci da lura da hawan jini na tsawon shekara biyu, aka kuma ga ci gaba, ko da yake ba mai yawa ba. Horon ƙwaƙwalwa yana da amfani daidai gwargwado, amma shi kaɗai ba rigakafin mantuwa ba ne.