Jerin ɗanɗano: Farashi da ƙa'idojin manyan gidajen cin abinci

A wurin mai tsire a Ƙaura Namoda ko Zurmi, ko a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ɗanɗano kyauta ne. Mai nama yakan yanko 'yar tsoka ya miƙa, idan ta yi wa mai saye daɗi a yi ciniki, wani lokacin ma har da gyara.

Tun bayan da layin dogo ya isa Ƙaura Namoda a shekarar 1929, mutanen wannan yanki suka ƙara sabawa da cin abinci a kan hanya, kuma tsarin bai sauya ba: mutum ya zaɓi abin da yake so, ya biya kuɗin abin da ya ci.

Sai dai 'yan kasuwa da ma'aikatan da harkokinsu ke kai su Dubai ko London ko Istanbul kan gamu da wani tsari na dabam, inda ɗanɗanon shi ne abincin baki ɗaya, kuma shi ne mafi tsada.

Mene ne jerin ɗanɗano?

Shi ne abin da ake rubutawa tasting menu da Turanci, ko menu dégustation da Faransanci. Babban kuku ne ke tsara jerin abinci kala-kala, galibi daga shida zuwa goma sha biyu ko fiye, ana kawo su ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai wuce loma biyu ko uku ba.

Tsarin ya bazu ne daga Faransa a shekarun 1970, kuma masu dafa abinci na can sun koyi abubuwa da dama daga Japan, wadda ta daɗe da irin wannan al'ada da ake kira kaiseki.

Baƙo ba ya zaɓar abin da zai ci. Farashin ɗaya ne a kan kowane mutum, babu tayi, kuma ba a rage ko kwabo don mutum ya bar wani kwano bai taɓa ba.

Me ya sa yake da tsada?

Abin da ake saya shi ne kujera ta tsawon sa'o'i biyu zuwa huɗu, da aikin mutane masu yawa.

Gidan abincin El Bulli na ƙasar Spain, wanda aka rufe a 2011, misali ne. Yana ɗaukar baƙi kusan 50 a dare, masu dafa abincinsa sun kai 40, kuma rabin shekara kawai yake buɗewa.

Haka kuma ana sayen kayan girki ne daidai da adadin waɗanda suka kama wuri, don haka duk kujerar da ta kwana babu kowa asara ce. Daga nan ne akasarin ƙa'idojin suka samo asali.

Suna ma yana ƙara farashi. Kamfanin tayoyin mota na Michelin, wanda ya fara buga littafin jagorar matafiya a 1900, ya soma bai wa gidajen abinci tauraro a 1926. Littafin ya shiga Dubai da Istanbul a 2022. Tauraron shaida ce ta ingancin girki kawai, ba ya cewa komai game da halacci.

Kuɗin da ba a gani da farko

Adadin da aka rubuta a takarda ba kasafai yake zama na ƙarshe ba, kuma kowace ƙasa da nata tsarin.

A Birtaniya, gidajen abinci da yawa kan ɗora kuɗin hidima na kashi 12.5 cikin 100. Idan jerin ya kama fam 200, mutum huɗu za su biya fam 900 ke nan, tun ba a lissafa abin sha ba. Wata doka da ta fara aiki a watan Oktoban 2024 ta wajabta miƙa wannan kuɗi ga ma'aikata.

A Faransa kuɗin hidima na cikin farashin. A Amurka kuwa ba a sa haraji a farashin da aka rubuta, kuma ana sa ran baƙo ya ba da tukuicin kusan kashi 20 cikin 100.

Harajin VAT kashi 5 ne a Dubai, inda gidajen abinci na otal-otal kan haɗa da wasu kuɗaɗen hidima da na hukumar birni, yayin da Saudiyya ta mayar da nata kashi 15 a 2020.

Akwai kuma ƙari na ganin dama. Ma'aikaci na iya tambaya ko a kawo naman shanun wagyu na Japan, ko ƙwan kifin nan mai tsada da ake kira caviar. Wannan ba gyara ba ce, yana da nasa farashin, kuma tambayar nawa ne ba abin kunya ba ne.

Ƙa'idojin zama

Akan kama wuri ne makonni ko watanni kafin ranar, ta intanet. Gidaje da yawa na karɓar kafin alƙalami ko lambar katin banki, wasu ma sai an biya kuɗin gaba ɗaya.

Wanda ya fasa zuwa bayan wa'adin da aka gindaya, wanda sau da yawa kwana ɗaya ne zuwa uku, zai iya rasa kuɗinsa. Jinkirin jirgi ko matsalar biza ba lallai ne su zama uzuri ba.

A mafi yawan wurare, dole duk waɗanda ke teburi ɗaya su ɗauki jerin. Mutum biyu ba sa haɗa kwano, kuma ba a ƙara kujera don an haɗu da ɗan'uwa a hanya, abin da kan yi wa Bahaushe nauyi, tunda ya saba cewa baƙo bismilla.

Makara ma na da hukunci, domin akan ba da 'yan mintoci ne kawai kafin a fara ba tare da mutum ba, ko a soke zaman. Wasu gidajen na da sharaɗin tufafi da na shekarun yara, saboda haka mai niyyar sa babbar riga da hula gara ya tambaya tun da wuri.

Batun halal

Ga matafiyi daga Zamfara, jihar da ta fara aiki da shari'ar Musulunci a watan Janairun 2000, wannan ne ya fi muhimmanci.

Galibi akan gabatar da jerin giya da ke tafiya da kowane kwano, a kan wani farashi dabam. Ba dole ba ne a karɓa, kuma gidaje da dama na da madadinsa na ruwan 'ya'yan itatuwa da shayi, shi ma da kuɗinsa.

Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ke cikin tukunya. Girkin Faransa na yawan amfani da giya a miya da romo, na Japan kuma da barasar shinkafa, kuma dafuwa ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Ana iya samun kitsen alade a romo, da sinadarin jelatin na alade a kayan zaƙi.

Malamai sun yi saɓani kan naman da ake yankawa a ƙasashen Turai da Amurka, shi ya sa matafiya da yawa ke neman jerin kifi ko na ganyayyaki.

Duk waɗannan ana bayyana su ne a rubuce lokacin kama wuri. Wasu gidajen kan sauya girkin idan an ba su kwanaki, wasu kuma kan faɗa ƙarara cewa ba za su iya ba. Wanda ya bari sai ya zauna, zai biya kuɗin abincin da ba zai ci ba.

Tsawon zaman na iya cin lokacin sallar Magariba, musamman a Turai lokacin bazara da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Zaman rana, inda ake yinsa, ya fi gajarta, kuma sau da yawa ya fi na dare sauƙin kuɗi.