Lokacin da CIA Ta Ɗauki Masu Duba Aiki

A farkon shekarun 1970, Yaƙin Cacar Baka na kan ganiyarsa, sai rahotanni suka riƙa isa Amurka cewa Tarayyar Sobiyat na zuba kuɗi wajen binciken ganin gaibu. Gudun kada a bar ta a baya, hukumar leƙen asiri ta CIA ta fara ɗaukar nauyin irin wannan bincike a 1972, a Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Kalifoniya, ƙarƙashin masana kimiyya biyu, Harold Puthoff da Russell Targ.

Ga yadda ake yi: a zaunar da mutum a ɗaki shiru, a ba shi takarda da alƙalami, a karanta masa lambobin wani wuri na taswira, shi kuma ya zana abin da ya faɗo masa a zuci. A 1974 aka ba wani tsohon ɗan sanda, Pat Price, lambobin wani sansanin sirri na Sobiyat kusa da Semipalatinsk a Kazakistan. Ya zana wata ƙatuwar na'urar ɗaga kaya mai tafiya kan dogo, ta kuma yi kama da wadda tauraron ɗan'adam ya ɗauko hotonta. Wannan zane ya ɗauke hankalin jami'ai, alhali yawancin sauran bayanansa sun kauce hanya.

Daga nan sojoji suka kafa rukuninsu a barikin Fort Meade da ke jihar Maryland, shirin ya yi ta sauya suna har ya zama Stargate a 1991. Da 'yan ta'addan Red Brigades suka sace Janar James Dozier na Amurka a Italiya a Disambar 1981, an tuntuɓi masu duban, amma 'yan sandan Italiya ne suka gano shi a Padua suka kuɓutar da shi.

A 1995 aka sa masana biyu su tantance aikin. Jessica Utts, masaniyar ƙididdiga, ta ce sakamakon gwaje-gwajen ya wuce dace kawai. Ray Hyman, masanin halayyar ɗan'adam, ya ce hujjar ba ta isa ba. Rahoton ƙarshe ya nuna cewa ba a taɓa gina wani aikin leƙen asiri kan bayanan masu duban ba, don maganganu ne dunƙulallu da kowa zai fassara yadda ya so. A wannan shekarar aka rufe shirin, bayan ya laƙume kusan dala miliyan 20.

Sama da shekara ashirin ana ƙirga inda aka dace ana kau da kai daga inda aka kuskure. Ranar da aka ƙirga duka biyun, ranar shirin ya mutu.