Makomar Injunan Bincike a Zamanin Kafofin Sada Zumunta: Nazari kan Amana da Harshe

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta hanyoyi biyu na neman bayani a intanet: tambayar injin bincike da tambayar mutane a kafofin sada zumunta. Ta nuna cewa hanyoyin na ƙara cuɗanya da juna, kuma harsunan da rubutunsu bai yawaita a intanet ba ne za su fi jin jiki.

1.0 Gabatarwa

Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, injin bincike ya zama ƙofar shiga intanet. Dabararsu ta PageRank tana auna darajar shafi da yawa da ingancin shafukan da suka yi nuni zuwa gare shi. Kusan kashi 90 cikin 100 na binciken duniya ta Google ake yin sa, kuma a Agustan 2024 wata kotun tarayya a Amurka ta same shi da laifin yin babakere a kasuwar bincike.

2.0 Ra'in Nazari

An ɗora nazarin bisa ra'in Horowitz da Kamvar (2010), waɗanda suka bambanta tsarin ɗakin karatu da tsarin ƙauye. A na farko, wato na injin bincike, mai tambaya takarda yake nema, kuma darajar mawallafi ce hujjarsa. A na biyu, wato na tambayar mutane, mutumin da ya san amsa yake nema, kuma sanayya ce hujjarsa.

3.0 Sauyin Ɗabi'ar Masu Nema

A 2022 Prabhakar Raghavan, wani babban jami'in Google, ya ce kusan kashi 40 cikin 100 na matasa sukan duba TikTok ko Instagram idan suna neman wurin cin abinci. A Nuwamban shekarar aka fito da ChatGPT, mai ba da amsa kai-tsaye. Sai Google ya ƙulla yarjejeniya da Reddit a 2024 don amfani da hirarrakin mutane, ya kuma fara ɗora amsoshin ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike. Wato injin da kansa ya koma neman abin da mutane ke faɗa wa juna.

4.0 Matsayin Hausa

Injin bincike ba ya kawo abin da bai tattara ba. Duk da cewa Google Translate ya shigar da Hausa a 2013, bayani mai yawa da Bahaushe ke buƙata, kamar farashin hatsi a kasuwar Dawanau ko fatawar malami, yana yawo ne cikin saƙon murya a zaurukan WhatsApp, inda injin ba shi da ikon leƙawa. Wannan hanya tana da sauri, kuma tana ɗaukar wanda bai iya karatun boko ba. Illarta ita ce rashin tantancewa: a 2014, lokacin Ebola, jita-jitar shan ruwan gishiri da wanka da shi ta bazu a Najeriya ta wayoyi, har aka rasa rayuka.

5.0 Kammalawa

Injin bincike ba zai gushe ba, amma zai ƙara dogara ga maganganun jama'a. Saboda haka wajibi ne jami'o'i da gidajen rediyo da jaridu su riƙa wallafa ingantaccen bayani da Hausa a buɗaɗɗun shafuka, su kuma mayar da shirye-shiryensu na murya zuwa rubutu.