Yadda ake binciken lafiyar tsofaffi: hanyoyi da kayan aiki

A Nijar, mutanen da suka kai shekara 60 zuwa sama kusan 4 ne cikin 100, alhali wajen rabin al'umma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Shi ya sa yawancin binciken lafiya ya karkata ga mata masu haihuwa da ƙananan yara. Babban binciken jama'a da lafiya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta yi a 2012 ya tambayi mata ƴan shekara 15 zuwa 49 da maza ƴan 15 zuwa 59. Binciken STEPS na hukumar lafiya ta duniya, OMS, kan hawan jini da ciwon suga, a ƙa'idarsa yana tsayawa a shekara 69. Wanda ba a ƙirga shi ba kuwa, da wuya a ware masa magani ko kuɗi a kasafi.

Sanin shekaru

Matsala ta farko ita ce shekarun haihuwa. Tsofaffi da yawa ba su da takardar haihuwa, wasu kuma katinsu na ɗauke da "né vers", wato kintace ne. In an tambaye su sukan ce 60, 70 ko 80, sai alƙaluma su taru a lambobin da ke ƙarewa da sifili ko biyar. Dabarar masu bincike ita ce jerin manyan abubuwan tarihi da kowa ya sani: samun ƴancin kai a 1960, juyin mulkin Seyni Kountché a watan Afrilun 1974, ko yunwar 1984 da ake kira ƴar Buhari. Sai a tambayi dattijuwa: lokacin da soja suka karɓi mulki, an yi miki aure? Ƴaƴa nawa kika haifa? Wadda ke goyon ɗan fari a 1974, mai yiwuwa an haife ta a ƙarshen shekarun 1950. Kowane yanki da nasa jerin, domin abin da mutanen Tawa ke tunawa ba lalle ba ne ya zama na Damagaram.

Zaɓen waɗanda za a tambaya

Binciken da aka yi a asibiti yana nuna halin waɗanda suka iya zuwa asibiti kawai. Tsohon da ke kwance a ɗaki, ko tsohuwar da ba ta da kuɗin mota, ba sa shiga lissafi, alhali sau da yawa su ne suka fi jin jiki. Don haka ake bi gida gida: a ƙirga gidajen unguwa ko ƙauye, a rubuta duk wanda ya kai shekarun da ake nema, sannan a fitar da sunaye ta hanyar ƙuri'a. Mai gari da mai unguwa suna buɗe ƙofa, amma ba su ne ke zaɓen mutane ba. Ana kuma duba lokaci: da damina tsofaffi masu ƙarfi suna gona, in aka zo da hantsi marasa lafiya kaɗai za a tarar.

Abin da ake aunawa

Tambayar "wace cuta gare ka?" ba ta wadatarwa, domin mutum na iya shekaru da hawan jini bai sani ba. Ana haɗa tambaya da awo:

Hawan jini: mutum ya zauna ya huta minti biyar, a auna sau uku. Iyakar da OMS ta sa ita ce 140 bisa 90, abin da ake kira 14 bisa 9 a asibitocin Nijar.

Ƙarfin hannu: a matse wata ƴar na'ura da ke nuna ƙarfi a kilo.

Saurin tafiya: a auna lokacin da mutum ya ɗauka kafin ya taka mita 4.

Hidimar kai: ma'aunin Katz na 1963 yana duba abu shida, wato wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga shimfiɗa, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci.

OMS ta kuma fitar da tsarin ICOPE, wanda ma'aikacin ƙaramar cibiyar lafiya zai iya amfani da shi. A ciki akwai tashi daga kujera sau biyar cikin daƙiƙa 14 ba tare da dafawa ba, gwajin ji da raɗa, da tambaya ko mutum ya rasa kilo 3 cikin wata uku.

Gwajin ƙwaƙwalwa ga wanda bai yi boko ba

Nan ne kuskure ya fi yawa. Gwajin MMSE na 1975, mai maki 30, yana neman mutum ya karanta jimla, ya rubuta wata, ya kwafi zane da alƙalami. Dattijon da bai taɓa shiga lakwal ba zai iya faɗuwa ko da hankalinsa garau ne. Masu binciken da suka kwatanta tsofaffin Ibadan a Najeriya da na Indiyanapolis a Amurka sun yi aiki da gwajin CSI-D, wanda ba ya bukatar karatu, kuma ya haɗa da hira da ɗan uwan da ke zaune da tsohon. A Ibadan aka samar da gwajin jera tsinken ashana huɗu a maimakon zane. Akwai kuma lissafo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya.

Fassara ma tana da ƙa'ida. Mutum ɗaya ya juya tambayoyin daga Faransanci zuwa Hausa, wani dabam ya mayar da su Faransanci, a kwatanta, sannan a gwada su ga tsofaffi kaɗan kafin a shiga aiki.

Yarda da mutunci

Sanarwar Helsinki ta 1964 ta shimfiɗa cewa ba a shigar da mutum bincike sai da saninsa da yardarsa. A Nijar, kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya ne ke duba aikin kafin a fara. Ana yin bayani da harshen da tsoho ke ji. Wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa a gaban shaida. Yardar ɗa ko miji ba ta maye gurbin tasa, sai in ruɗewar tsufa ta hana shi fahimta. Yana da damar ya ƙi, ko ya janye a tsakiya, ba tare da ya rasa magani ba. Tambayoyin fitsari, baƙin ciki ko musgunawa a gida ana yin su a keɓe, mace ta tambayi mace. Wanda aka tarar jininsa ya hau kuma, a tura shi asibiti.

Inda ake samun kayan aiki

Binciken SAGE na OMS ya bi mutane ƴan shekara 50 zuwa sama a ƙasashe shida: Gana, Afirka ta Kudu, Sin, Indiya, Meziko da Rasha, kuma tambayoyinsa a buɗe suke ga masu bincike. Binciken HAALSI a Agincourt ta Afirka ta Kudu yana komawa ga mutum sama da 5,000 bayan kowane ƴan shekaru, don ganin yadda lafiyarsu ke sauyawa. A Yamai akwai INS mai alƙaluman ƙidayar 2012, cibiyar binciken lafiya ta CERMES, cibiyar LASDEL mai nazarin zamantakewa, da sashen likitanci na jami'ar Abdou Moumouni. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin lafiya, kuma inganta alƙaluma kan tsofaffi na cikin abin da aka nemi ƙasashe su yi.