Rediyon Kaduna da Mu Mazauna Sabo

 

Yaran da ke tasowa yanzu sun ɗauka rediyo ita ce FM, wadda in ka bar gari da 'yan kilomitoci sai ta fara shashasha ta ɗauke. Ba su san akwai gidan rediyon da ke Kaduna ba, amma a da muryarsa tana shigowa har cikin zaurukan Sabo a nan Ibadan. Shi ya sa na ga ya kamata a ɗan rubuta tarihinsa tun masu tunawa da shi suna da rai.

Tun 1916 aka kafa unguwar Sabo, kuma fataucin goro da shanu ne ya tara iyayenmu a nan. A da, labarin gida sai dai a bakin fatake, ko a wasiƙar ajami, ko wajen wanda ya sauko daga jirgin ƙasa. Mutum sai mahaifinsa ya rasu a Kano ko Katsina, bai ji ba sai an yi sadakar bakwai.

Gwamnatin Jihar Yamma ta Awolowo ce ta riga kowa, ta buɗe talabijin a nan Ibadan a 1959. Gwamnatin Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta bi baya, ta kafa kamfaninta na watsa labarai, BCNN, a 1962 tare da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Shi ne aka sani da Rediyo Talabijin Kaduna. Ta wannan gidan ne Manjo Nzeogwu ya yi sanarwar juyin mulki ranar 15 ga Janairu 1966, ranar da aka kashe Sardaunan da ya gina shi. Daga baya gwamnatin soja ta raba talabijin da rediyo, a 1978 kuma rediyon ya koma hannun tarayya, ya zama ɗaya daga cikin manyan tashoshi huɗu, tare da Legas da Ibadan da Inugu.

To, me ya sa ake jin sa daga nesa haka? A wancan lokaci manyan na'urorinsa na Jaji suna watsawa ne ta AM, a matsakaicin zango da kuma gajeren zango, mita 49. Irin wannan murya tana tashi sama, ta bugi wani rufi na iska da ke can ƙololuwa, ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Da rana matsakaicin zango ba ya zuwa da nisa, amma rana na faɗuwa sai hanya ta buɗe. Shi ya sa dattawanmu suka fi zama gindin akwati bayan isha'i da kuma bayan asuba. Ita FM kuwa miƙewa take yi sambal, inda tudu ya tare ta nan ta tsaya.

Shirye-shiryen ma kamar don mu aka yi su. A Zaɓi Sonka, mai sayar da goro a Shagamu zai aika kati ya gai da 'yan'uwansa a Zariya, a karanta sunansa duk Arewa ta ji, a sa masa Shata ko Ɗan Maraya Jos. Jakar Magori tana kawo labaran garuruwa. A Hannu Da Yawa ake zaunar da masu mulki a yi musu tambayoyi da Hausa. Ga Samanja na Usman Baba Pategi, wanda Hausar barikinsa ke sa har maƙwabtanmu Yarabawa dariya. Ga sanarwar rasuwa da ta aure, ga kuma labarin ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, wanda duk mai jan salla ya san darajarsa daren azumi.

Ba daɗi kawai ya kawo mana ba, gaskiya. Tun 1967 ake sa tafsirin Shehu Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello, daga baya aka ƙara da na Shehu Ɗahiru Bauchi. Sabo kuwa unguwar Tijjaniyya ce tun da daɗewa. Muhawarar da ake yi a Kaduna sai ta biyo iska ta sauka a masallatanmu, har ta raba wasu gidaje. Amma dai kowa da Hausa ya ji hujjar abokin saɓaninsa, kuma mata da ke cikin gida sun samu karatun da da ba ya isa gare su.

Yau abin ya canja. Ba kowane gida ke da akwatin da ke kama gajeren zango ba, kowa da wayarsa. 'Ya'yanmu sun ƙware a Yarabanci da Turancin kasuwa, kuma ba laifi ba ne, a nan aka haife su. Sai dai Hausar da yawansu ta tsaya a ta ciniki, ba karin magana, ba gaisuwar manya. Da can akwati ne ke wannan aikin kowane dare ba tare da mun biya ko kwabo ba. Yanzu aikin ya dawo kanmu, mu iyaye da malaman Islamiyya. Duk wanda ke da kaset na tsofaffin shirye-shiryen nan, don Allah kada ya bar shi wa gara. A kwafe shi a waya, a kunna wa yara.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya.